Jinin Dodon Koɗi a Randar Inna

Shekarun baya, can lokacin da nake ɗaliba a jami'a a Maruwa, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro boko, akwai abin da ya faru a gidanmu na Garwa wanda ban taɓa ba ku labarinsa a nan ba. Jiya a aji wata ɗalibata ta ɗaga hannu ta tambaye ni wai shin dodon koɗi yana da jini. Tambayar da nake amsawa kowace shekara ce, amma jiya sai ta dawo mini da abin sabo. Na ce bari yau in zauna in rubuta muku, ko zuciyata ta ɗan yi sauƙi.

Karatun halittu na yi. Da muka kai matakin bincike, ƙawayena suka samu shanu da auduga da kifi, ni kuwa malamata ta haɗa ni da dodon koɗi. Malamar nan 'yar kudu ce, ga faɗa kamar ta ari baki, amma zuciyarta fara tas. Ba kuma manyan dodannin nan da ake ci a kudu ba, a'a, ƙananan na ruwa, waɗanda ba su wuce ƙwayar wake ba, masu maƙalewa a ciyawar magudanan shinkafa na Maga. Su ne masaukin tsutsar tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini. Tsutsar ba ta tashi daga wani mutum ta faɗa wa wani kai tsaye. Sai ta fara shiga jikin dodon koɗi, ta girma ta hayayyafa a ciki, sannan ta fito cikin ruwa ta huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa. Ƙawayena suka sa mini suna uwar dodanni, har masu moto, wato 'yan acaɓa, na bakin jami'a suka ɗauka.

Aikina shi ne in kwaso su daga Maga, in kawo ɗakin gwajinmu da muke kira labo, in haɗa su da tsutsar, in zuba ido. Yawancinsu sukan kamu, bayan 'yan makonni su soma zubar da tsutsotsi cikin ruwa. Amma akwai wasu 'yan kaɗan da na kwaso daga wata ƙaramar magudana, su ko gezau. Na sake haɗa su, shiru. Na ɗauka ni ce na yi shirme, don shirme kam ban rasa shi ba a lokacin. Sai malamata ta yanka ɗaya, ta sa a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa, ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago sai ta ja ni ta kafaɗa ta dangwarar da ni a kujerar.

Wallahi har yau ina ganin abin a idona. Ga tsutsar nan a tsakiya, ga wasu ƙananan ƙwayoyi na cikin jinin dodon sun yi mata taron dangi, sun rufe ta ta kowane gefe, wasu kan wasu, kamar yadda matan unguwa ke rufar ɓarawon kaza. Sun shaƙe ta ta mutu tun ba ta yi komai ba. Malamata ta ce, "Kin ga wannan? Tambaya ɗaya ta rage. 'Ya'yansu za su gaji wannan hali ko ba za su gada ba? Ki raina su, su yi 'ya'ya, 'ya'yan su girma mu gwada. In sun gada, ni da hannuna zan rubuta a ɗauke ki karatun digirin dakta." Daga ranar duk rayuwata ta koma kan 'yan dodannin nan.

Suka yi ƙwai, ƙwai suka ƙyanƙyashe. Sai bazara ta shigo. Labonmu rufin kwano ne, wutar lantarki kuma ta koma zuwa sai ta ga dama. Ruwan robobin da muke ajiye su yakan yi ɗumi kamar na wankan jego, kullum na shigo sai na tsame matattu. Ɗakin da nake haya ya fi labon zafi. Ga shi an tura ni koyar da ɗalibai na ɗan lokaci, ba ni da halin zama in yi musu fifita. Ina kuka a waya ina gaya wa mahaifiyata, sai ta ce, "Ke, 'yar nan, a kan ruwan sanyi kike kuka? Kawo su nan."

Na san za ku yi dariya, don duk wanda ya san Garwa ya san ba garin da za a kai abu gudun zafi ba ne. Amma ba ku san randunan Inna ba. Suna ƙarƙashin rumfar zana a bayan ɗakinta, an binne gindinsu cikin yashi, safe da yamma tana jiƙa yashin. Ko da tsakar rana ka ɗebi ruwansu sai haƙoranka sun amsa. Da na gaya wa malamata, ta ce tunda waɗanda zan kai babu tsutsa a jikinsu, iyayen sun kashe tasu, 'ya'yan kuma ba a taɓa haɗa su da ita ba, to in kai. Na naɗe su cikin jiƙaƙƙen ƙyalle, na jera a kular abinci, na rungume a cinya har Garwa. A hanya wani jandarma ya ce in buɗe. Ya leƙa, ya dube ni da hijabina, ya ce, "Hajiya, yunwar har ta kai haka?"

Inna ta ware musu randuna daban, ta sa aka kawo sababbin na sha. Ban gane dalilin da ya sa ta karɓi abin hannu bibbiyu ba sai da muka zauna ina yi mata bayani. Tana da ƙane, kawuna, wanda ya yi noman shinkafa a Maga tun yana saurayi. Ban san shi sosai ba, ina ƙarama ya rasu. Ta ce tun yana yaro yake fitsarin jini, a can kuma ba a ɗauke shi ciwo ba, cewa ake alamar namiji ya kawo ƙarfi ce. Haka ya yi ta fama, mara ta riƙe, ƙafafu suka kumbura, kafin a kai shi asibiti abu ya riga ya yi nisa. Ta dubi 'yan dodannin suna rarrafe a bangon randa, ta ce, "Wato waɗannan ne suke kashe abin da ya kashe shi?" Na ce iyayensu dai sun kashe, 'ya'yan ne ba mu sani ba tukuna. Ta ce, "Za su kashe. Ki bar mini su."

Mahaifina ne ya so ya kawo cikas. Mahauci ne, duk rayuwarsa a mayanka ya yi ta, kuma mutum ne mai tsantseni a kan tsarki. Ya dawo da la'asar ya tarar da mu a tsugune, ya ce, "Wannan kuma wace sabuwar fitina ce a kusa da ruwan alwalata?" Inna ta ce, "Malam, karatun 'yarka ne." Ya leƙa ya ce to da sauƙi, ai irin waɗannan ba su da jini mai gudana, kamar fara ne da ƙuda, ko sun mutu a ruwa ba sa ɓata shi. Ni kuwa uwar iyayi, maimakon in yi shiru a wuce wurin, sai na ce, "Baba, suna da jini fa. Ja ma kuwa."

"Ke, tafi can. Ni za ki gaya wa jini?"

Na ɗauko babba ɗaya, na goge shi, na sa tsinken sakace na ɗan taɓa naman. Haka muke ɗibar jininsu a labo, ba sai an kashe ba. Ya janye can cikin katantanwarsa, sai ga ɗigon ja ya taru a bakin. Na ɗiga a farin faranti. Baba ya cire hula, ya mayar, ya ce, "Innalillahi! To wa ya yanka shi?" Inna ta yi dariya har da riƙe ciki.

Shi bai yi dariya ba, abin ya tsaya masa. Ya ja kujera ya ce, "Tsaya. Kin taɓa ce mini a ɓargo ake yin jini. Wannan ba shi da ƙashi, balle ɓargo. A ina yake yin nasa?" Wallahi na ji daɗin tambayar nan fiye da duk wadda aka yi mini a jami'a. Na ce akwai wani ɗan wuri kusa da zuciyarsa, siriri kamar ɓawon albasa, nan ne ake haifar ƙwayoyin. Jan da ya gani a narke yake cikin ruwan jikin, su kuwa ƙwayoyin ba su da launi, yawo suke yi lungu lungu suna neman baƙon abu, in sun samu su cinye shi, in ya fi ƙarfin ɗaya su taru su rufe shi. Na ce fara ma tana da irinsu, da tana, da ƙaguwa, kowanne da wurin da yake ƙera nasa. Mu ma muna da su, su ne ke taruwa su zama mugunya in ƙaya ta karye a ƙafa, namu dai a ɓargo ake yin su. Kuma masana suna ganin waɗannan masu yawon sun riga ƙashi zuwa duniya, sun riga ɓargo, tun halittu ba su wuce 'yan abubuwa masu laushi a cikin ruwa ba suke wannan gadin.

Inna ta ce, "Ikon Allah. Ashe su ne manya, mu ne yara." Baba ya ce shi dai a matsar masa da butarsa can gefe, sai ya tambayi liman. Ban san me liman ya ce masa ba, amma bayan kwana biyu da kansa ya fara shigowa da ganyen salak daga kasuwa, yana ajiyewa a bakin rumfa kamar ba shi ya kawo ba.

Kafin in koma Maruwa na kafa wa Inna dokoki, ina ɗaga yatsa kamar wata babbar likita. Ban da ruwan famfo, sai na rijiya da ya kwana. Ban da jabel, ruwan nan mai warin asibiti da muke ɗigawa a ruwan sha. Ban da sabulu, kowane iri, ko na wanka ko na wanki ko na gari, ko hannunta ne ya taɓa sabulu sai ta ɗauraye sosai kafin ta taɓa randa. Na sa ta maimaita. Ta ce, "Na ji, ranki ya daɗe. Ni da na raine ki ba ki mutu ba."

Jama'a, ban taɓa ganin reno irin wannan ba. Ko ɗaya bai sake mutuwa ba. Kullum sai ta sa ƙanwata ta kira ni ta karɓi wayar. "Yau sun ci salak kamar ba gobe." "An sake haihuwa, ki zo suna." Ta daina zuwa biki mai nisa don kada yashi ya bushe. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallo, tana hana su taɓawa, tana yi musu bayani da Hausa da Fulatanci, wai jikokinta ne, sojoji ne a cikin cikinsu. Da na zo hutun ƙarshen mako na ga 'ya'yan sun kusa isa gwaji, na koma na gaya wa malamata. Ta ce tana da tafiya kudu, za ta tsaya a Garwa ta gan su da idonta, in sun isa a dawowarta ta ɗauke mu gaba ɗaya a motarta, tunda an fara hadari, gari ya soma sanyi.

Na kira gida da murna na ce babbar malamata za ta zo gidanmu. Kun san mu da baƙo. Aka share tsakar gida, aka wanke labule, Baba ya ware nama mai kyau. Inna ta zagaya bayan ɗaki ta dubi randunan dodanni, ta ga cikinsu ya yi kore shar da gansakuka. Ni a wurina wannan koren abinci ne a gare su, ban ma taɓa kallonsa a matsayin datti ba. Ita kuwa a wurinta abin kunya ne a ce babbar mace ta taso tun daga Maruwa ta leƙa randarta ta ga haka. Ta gwada da ruwa da soso, bai fita yadda take so ba. Sabulu kuma na hana. Sai ta tuna da abin da kakarta ke wanke ƙore da tukwane da shi tun sabulu bai wadata ba, wato sassaƙen aduwa. Akwai bishiyar a bayan gidanmu. Ta sassaƙo, ta daka a turmi, ta jiƙa ya yi kumfa. Ta kwashe dodannin a hankali ta zuba a kwano, ta goge randunan tas, ta ɗauraye har sau ba adadi, ta zuba ruwan rijiya da ya kwana, ta mayar da su. Ko doka ɗaya ba ta karya ba.

Washegari da hantsi na sauka a tasha, na hau moto zuwa gida. Na yi sallama babu wanda ya amsa. Na zagaya baya na same ta zaune a kan yashi, ta miƙe ƙafafu, moɗa a hannunta. Ba ta ce mini sannu da zuwa ba. Ta ce, "Ba sa motsi." Na leƙa randa ta farko. Duk suna ƙasa a zube, ruwan ya yi wani ja ja, jininsu ya tsiyaye a ciki. Ta biyu haka, ta uku haka. Manya da yara, har ƙwan da ke manne a ganye ya yi fari. Na riƙa tsamo su ɗaya ɗaya ina taɓawa da tsinke ko wani zai janye. Wayyo, ko ɗaya.

A haka malamata ta iso. Inna ta tashi ta tarbe ta da Fulatanci, ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, don baƙo baƙo ne ko gida na ci da wuta. Malamar ta zagaya ta leƙa, ta shafa cikin randa ta shinshina, idonta ya faɗa kan turmi da ragowar sassaƙen a gefe. Ta juyo ta ce mini da Faransanci, a hankali, "Aduwa ce. Kumfarta dafi ce a gare su, kuma randar ƙasa tana shanye ta, ɗauraya ba ta fitar da ita. Kin karanta wannan ai." Na karanta kuwa. Yana cikin darasinmu, har an taɓa gwada ta a wasu wurare don kashe dodannin tsargiya. Abin da ban sani ba shi ne ana wanke randa da ita a gidanmu, don tun da na yi wayo sabulu na gani. Sannan ta ƙara da cewa, "Kada ki gaya mata. Ki ce zafi ne." Ta juya wurin Inna ta ce da Fulatancinta mai gargada, zafin bana ne, babu abin da ya bari. Ta zauna ta ci abinci sosai, ta yaba, ta ce useko, wato na gode, ta tafi. Allah ya saka wa matar nan da alheri.

Inna ba ta jin Faransanci, amma tana jin fuska. Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba ta kira ni ɗaki ta ce in rufe ƙofa. Ta ce, "Zafin da bai kashe su ba lokacin da kaji ke faɗuwa, shi ne zai kashe su yanzu da aka fara yayyafi? Na ga inda matar nan ta kalla. Don girman Allah, 'yar nan, ki gaya mini. Ni ce?" Na ce, "Inna, ba ke ba ce." Ta ce, "Na haɗa ki da Allah." Uwa ta haɗa ki da Allah, ina za ki bi? Na ce, "Aduwar ce." Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ce, "To," ta tashi ta fita ta hau wanke kwanonin da baƙuwa ta ci abinci.

Na yi mata bayani har bakina ya gaji. Na ce ta bi duk abin da na ce, babu wanda zai yi tunanin haka, ƙaddara ce. Baba ma ya ce, "Haba, dodon koɗi ne fa, ba ɗan mutum ba," amma muryarsa ba ta fita da ƙarfi ba. Na kwashe katantanwun na watsar a juji don kada ta riƙa ganinsu.

Washegari na tashi ban gan ta ba. Ƙanwata ta ce tun bayan asuba ta fita da roba, ba ta faɗi inda za ta ba. Inna da ko kasuwa ba ta zuwa ba tare da ta sanar ba! Rana ta ɗaga sosai sai ga mai moto ya sauke ta a ƙofar gida. Zaninta a jiƙe sharkaf har cinya, ƙafafunta duk taɓo, robar a kanta. Ta sauke a gabana ta buɗe. Dodannin koɗi ne cike, manya da ƙanana, dogaye da zagayayyu, har da 'yan tsakuwa. Kududdufan bakin kogin Binuwai ta je, inda masu wanki da masu lambu suke, ta shiga ruwa ta yi ta lalube a ciyawa da hannunta. Ta ce, "Ga waɗannan. Ki duba ko akwai irin naki."

Matar da ƙanenta ya mutu da tsargiya, matar da na zauna na yi wa bayanin yadda tsutsar ke huda fata, ita ce ta shiga wannan ruwa har cinya, kuma tana sane. Na ce, "Inna, ruwan nan fa!" Ta ce, "Na sani. Duba dai." Na durƙusa ina dubawa, hawaye na ɗiga a robar, ita kuma tana tsaye tana sosa ƙwaurinta. Bayan wasu makonni muka kai ta asibiti, aka gwada aka samu ta kamu. Aka ba ta magani, ta sha wahalarsa, ta warke sarai, alhamdu lillahi. Ko sau ɗaya ba ta ce wash ba.

Na tafi da dodanninta Maruwa. Akwai 'yan kaɗan irin waɗanda muke aiki da su a ciki, na raine su, na gwada. Duk suka kamu. Na koma Maga wurin ƙaramar magudanar nan, na tarar an tsane ruwanta an yashe ta don gyaran noma. Na kwaso daga na kusa da ita, damina ta wuce, wata ta zo, ban sake samun masu wannan hali ba. Na rubuta abin da na gani a iyayen, na ci jarrabawa, aka tafa mini. Amma maganar dakta ta tsaya, don babu abin da za a ɗora a kai. Na dawo Garwa na kama koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, inda nake har yau, kuma ina son aikina, kada wani ya ji tausayina ta nan.

Mutane sukan ɗauka karatun da ban yi ba ne ke damuna. Yana ɗan taɓa ni wani lokaci, ba zan yi ƙarya ba. Abin da ya fi shi ciwo shi ne har in mutu ba zan san amsar ba. Wataƙila 'ya'yan nan ba su gaji komai ba, da an gwada su sun kamu kamar kowa, mu share hawaye mu wuce. Da haka ne, da na je na gaya wa Inna cewa abin da ya mutu a randarta ba wani abu ba ne. Wataƙila kuma sun gada. Ban da ko ɗaya daga cikin biyun da zan ba ta, ita kuma ta zaɓi mai nauyin ta ɗora wa kanta. A lissafinta maganin ciwon ƙanenta aka kawo mata har gida, ta wanke shi da hannunta don kada baƙuwa ta ga datti.

Sau da yawa ina tunanin da na bi maganar malamata na dage a kan zafi. Baba ya ce daidai na yi, ba a yi wa uwa ƙarya bayan ta ambaci Allah, kuma ko na yi ba za ta yarda ba. Na san gaskiyarsa. Amma sanin bai taɓa hana ni jin abin da nake ji ba. Inna ba ta sake tsotsar aduwa ba, ita da ke son ta da azumi. Duk shekara in an yi ruwan farko sai ta ce, "'Yar nan, ba a sake ganin irin nasu ba?" In ce ba a gani ba tukuna, Inna. Ta ce, "Allah ya sa a gani." Haka muka yi ta yi har shekarar da ta rasu.

Bayan an yi sadakar bakwai muka buɗe akwatinta ni da ƙanwata don a raba kaya. Can ƙasa, ƙarƙashin zannuwan da take ji da su, muka ga wani gwangwanin man shafawa an naɗe shi da ƙyalle. Ƙanwata ta girgiza ta ji yana ƙara, ta ce ko 'yan kunne ne. Na buɗe. Katantanwun nan ne da na watsar a juji. Ta bi ta tsince su, har da 'yan mitsi mitsin da ba su kai ƙwayar gero ba, ta wanke ta adana duk shekarun nan ba ta gaya wa kowa ba.

Aka tambaye ni abin da nake so a kayanta, na ce a bar mini gwangwanin. Shi na ɗauko wa ɗalibata jiya, na zazzage a tafin hannunta, na ce mata eh, yana da jini, ja ma kuwa. Ta jujjuya su ta ce, "Madam, to ai waɗannan babu komai a cikinsu." Na ce mata haka ne, ta mayar mini da su a hankali, kada ko ɗaya ya faɗi.